Tsara Aikin Laburaren Jami'a: Matsayin Ɗalibin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa



Duk wanda ya ɗauki taswirar Jihar Katsina ya dubi kusurwarta ta kudu maso yamma, inda ƙasar Ƙanƙara da ta Faskari da ta Sabuwa suka jeru a bakin iyakar Zamfara da Kaduna, ba zai ga jami'a ko ɗaya ba. 'Ya'yan waɗannan ƙasashe in sun gama sakandare, Allah kuma ya sa sun sami gurbi, sai su ɗaure kayansu su nufi Dutsin-Ma, inda Gwamnatin Tarayya ta kafa jami'a a 2011, ko Katsina, inda akwai Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa wadda jiha ta kafa a 2006, da Jami'ar Alƙalam ta 2005, ko kuwa su bi sawun magabatansu zuwa Zariya da Kano. Saboda haka in aka ce za a yi magana a kan tsara aikin laburaren jami'a dangane da wannan yanki, laburaren da ɗan Ƙanƙara zai je ya tarar ake nufi, da kuma tambayar ko waɗanda suka tsara laburaren nan sun san da zuwansa.

Tambayar ba ta wasa ba ce. Kowace jami'a a yau tana da wani kundi da ake kira shiri mai dogon zango, watau takardar da ke bayyana inda ake son kaiwa nan da shekara biyar ko goma, da hanyar da za a bi, da kuɗin da za a kashe. Laburare ma yakan sami nasa babin a ciki. Galibin irin waɗannan babobi kuwa daga wuri ɗaya suke farawa: littattafai nawa ke kan kanta, kujeru nawa ke zaure, kwamfuta nawa za a ƙaro. Abin da wannan lacca ke son tabbatarwa shi ne, farawa daga nan kamar fara ginin ɗaki ne daga jinka. Wurin farawa shi ne mai karatu, kuma cikin masu karatun ma, wanda ya fi kowa wuyar kaiwa gare shi. A wannan jiha, ɗalibin da ya fito daga ƙauyukan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa yana cikin waɗanda suka fi cancantar wannan matsayi. Laburaren da ya iya biya masa bukata, lalle ya iya biya wa ɗan birni, amma ba kullum ne ake samun akasin haka ba.

Kafin a shiga batun kuɗi da na'urori, ya kamata a tuna cewa wannan yanki ba baƙo ba ne ga littafi. Yamma da Ƙanƙara, kusa da Tsafe a cikin Jihar Zamfara ta yau, nan kufan tsohon garin 'Yandoto yake, garin malamai wanda ya shahara a ƙasar Katsina tun kafin jihadi, har almajirai na zuwa daga nesa neman ilmi. A farkon jihadi, wajen 1806, rundunar Muhammadu Bello ta ci garin. Cikin wasiƙun da aka yi musaya daga baya tsakanin Shehu Laminu na Barno da shugabannin Sakkwato, har an ta da maganar wulaƙanta littattafai a wajen yaƙi, Bello kuwa ya amsa da cewa ya ga takardu iska na watsawa a wani gari da aka ci, shi da kansa ya yi ta tsinta har ya gaji, ya kuma tsawata wa mayaƙa. Masana tarihi sun danganta wannan labari da 'Yandoto. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman ya yi bayanin matsayin garin cikin littafinsa na tarihin Katsina wanda aka buga a Zariya a 1981. Tun kafin wannan, wani malamin Katsina, Muhammadu Alkatsinawi, gwanin lissafi da ilmin taurari, ya rasu a Alƙahira a 1741, littattafansa kuma suka zauna a can, a hannun Shaihu Hasan Aljabarti wanda ya sauke shi a gidansa.

Abin lura cikin labaran nan biyu shi ne, ilmin ƙasar nan bai rasa marubuta ba, bai kuma rasa masu karatu ba. Abin da ya rasa shi ne ma'ajiyar da ta fi ƙarfin mutuwar malami ɗaya ko faɗuwar gari ɗaya. Abin da ya tsira kuwa ya tsira ne domin littafi yana yawo: almajiri ya ara, ya kwafa da hannunsa, ya kai wani gari, wani ya kwafa daga nasa. Duk littafin da ya zauna a gafaka ɗaya a ɗaki ɗaya, gobara ko gara ko yaƙi sun gama da shi. Wannan darasi zai sake fitowa nan gaba.

Laburaren zamani a Arewa ya faro da irin wannan fahimta, ko da yake da ƙaramin ƙarfi. A zamanin En'e an buɗe ɗakunan karatu a manyan garuruwa, laburaren Jihar Arewa da ke Kaduna kuma yana aika musu da littattafai cikin akwatuna, in an karanta a mayar a sauya wasu. A 1963 wani masanin aikin laburare daga Ostareliya, F. A. Sharr, ya gabatar da rahoto a kan bukatun Arewa ta wannan fanni, inda ya nuna cewa babbar matsala ita ce rashin horarrun ma'aikata 'yan ƙasa. Wannan na cikin abin da ya kai ga buɗe sashen koyar da aikin laburare a Jami'ar Ahmadu Bello a 1968, shekara shida bayan buɗe jami'ar kanta. Ashe shiri na farko da aka yi wa laburare a Arewa shirin samar da mutane ne. Babban ginin Laburaren Kashim Ibrahim da ake alfahari da shi a Samaru sai a 1976 aka buɗe shi. Har ila yau jami'ar ba ta tara kome a ɗaki ɗaya ba: masu karatun mulki a Kongo suna da Laburaren Shugaba Kennedy a kusa da su, masu binciken noma suna da nasu, haka likitocin mutane da na dabbobi. An kai littafi inda mai karatunsa yake.

Sa'an nan sai kuɗi suka yanke. Wannan shi ne ɓangaren tarihin da ya kamata duk ma'aikacin gwamnati mai hannu a kasafin kuɗi ya sani sosai, gama a nan aka yi kuskuren da har yau ake maimaitawa.

Yawancin littattafan kimiyya da mujallun ilmi da jami'a ke bukata daga ƙasashen waje ake sayo su, da dala ko fam. A farkon shekarun 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja. Da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki a 1986 aka saki naira a kasuwa, darajarta ta yi ta zubewa, kuɗin da jiya ke sayen mujalla goma yau ba ya sayen biyu. Mujallar ilmi kuwa ba kamar littafi ba ce da za a saya sau ɗaya a huta. Kowace shekara ake biya, in an daina biya ta daina zuwa. Wanda ya shiga tsofaffin laburarorin jami'o'in ƙasar nan ya bi kantocin mujallu zai ga abin da idonsa: jeri ya taho daga shekarun 1960 ba yankewa, ɗaure da bango mai kyau, ya zo tsakiyar shekarun 1980 ya tsaya cik, kamar hanyar da aka gina har bakin kogi ba a yi gada ba.

An yi ƙoƙarin gyara. A 1990 Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 120 domin jami'o'in tarayya, wani kaso mai yawa na littattafai da mujallu da kayan aiki ne, a cikin wannan shiri ne kuma aka raba wa laburarori wata manhajar kwamfuta mai suna TINLIB domin tsara jerin littattafai. Da rancen ya ƙare, sai aka tarar kuɗin sabunta lasisi da na gyaran na'urori ba su cikin kasafin kowa, laburarori da dama suka koma kan katunansu na da. A 1992 Ƙungiyar Malaman Jami'o'i, a ƙarƙashin shugabancin Dokta Attahiru Jega, ta ƙulla yarjejeniya da Gwamnatin Tarayya wadda ta tanadi a keɓe wa laburare kashi 10 cikin ɗari na kuɗin ayyukan yau da kullum na jami'a. Daga wannan gwagwarmaya ce kuma dokar harajin ilmi ta 1993 ta fito, wadda ta ɗora wa kamfanoni kashi 2 cikin ɗari na ribarsu, asusun da aka sake wa fasali a 2011 ya zama na manyan makarantu kaɗai, wanda aka fi sani da TETFund. Ba mai musun alherin wannan asusu. Gine-gine masu yawa da littattafai masu yawa a jami'o'in Arewa da kuɗinsa aka same su.

Amma fa akwai bambanci tsakanin kuɗin saye da kuɗin riƙo, kuma a kan wannan bambanci shiri ke tsayawa ko ya faɗi. Sayen doki wuya gare shi, amma ciyar da shi ya fi. Gini ana yinsa sau ɗaya, a kira manyan baƙi, a yanke kyalle, a ɗauki hoto. Man janareto, da batirin sola in ya mutu, da kuɗin intanet na wata-wata, da alawus ɗin ma'aikacin da zai zauna har dare, da zaren ɗinkin littafin da ya yage, waɗannan ba a yi musu biki, saboda haka su ne na farko da ake yankewa in aljihu ya yi sanyi. Da aka sake sakin naira a 2023, har dala ta haura naira 1,500 a 2024, sai tarihin 1986 ya dawo da sabuwar riga, domin rumbunan mujallu na intanet ma da dala ake biyansu, kowace shekara. Shirin da ya ce za a sayi kwamfuta ɗari, bai faɗi wanda zai biya kuɗin wutarsu a shekara ta uku ba, jerin buri ne kawai aka rubuta. Kamata ya yi kowane abu da aka sa a shafin saye ya zo da ɗan'uwansa a shafin riƙo, na shekara biyar, da sa hannun ma'ajin jami'a. In ma'aji ya ce ba zai iya riƙon ɗari ba sai talatin, to a sayi talatin. Talatin masu aiki sun fi ɗari da ƙura ta rufe.

Akwai kuma wata al'ada da ta ɓata lissafin laburare. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa takan aiko da masu tantance kwasa-kwasai, laburare kuwa na cikin abin da suke ba maki. Wannan abu ne mai kyau a asalinsa, domin ya tilasta wa shugabannin jami'o'i su tuna da laburare. Sai dai ya haifar da sayen littattafai na gaggawa, a cika kanta ana gobe baƙi za su iso, har an sha jin labarin inda aka aro littattafai daga wani wuri aka jera, baƙi na juya baya aka mayar. Littafin da aka saya domin idon mai tantancewa ba lalle ne ya zama wanda malami ya ce a karanta ba.

To, a koma ga ɗalibin da aka fara da shi, a dubi irin hanyar da ya biyo.

A daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara suka kwashe ɗalibai, aka sako 344 ranar 17 ga watan. Gwamnatin jiha ta rufe makarantun kwana. Wannan ya zo ne a ƙarshen shekarar da annobar korona ta riga ta rufe makarantu wata da watanni. A ƙarshen Agusta 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta kafa dokar tsaro wadda, cikin sauran abubuwa, ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, sai dai su zaga ta Bakori da Funtuwa. A watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da Dutsin-Ma kanta, aka kuma hana sana'ar cajin waya a wurare da dama. Ba a fara maido da layukan ba sai a watan Disamba, waɗannan ƙananan hukumomi uku kuwa ba su cikin na farkon da aka maido wa. Shekara ta zagayo, malaman jami'o'i suka shiga yajin aiki daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba 2022, ɗalibai suka zauna a gida wata takwas.

Ba a kawo waɗannan domin a hukunta matakan tsaro ba, wannan maganar wani zaure ce. An kawo su ne domin mai tsara laburare ya ga abin da ke faruwa da shirinsa in ya dogara ga igiya ɗaya. Shekaru ke nan ana cewa maganin tsadar littafi shi ne laburaren intanet, ɗalibi ya zauna ko'ina ya buɗe wayarsa ya karanta. Gaskiya ne, har ranar da aka kashe layin. A watannin nan na 2021 ɗalibin Faskari da ke gida ba shi da waya, ba shi da hanya mai sauƙi, ba shi da littafi a hannu, domin ƙa'idar yawancin laburarori ita ce a maido da duk abin da aka ara kafin a tafi hutu. Ɗan'uwansa na birnin Katsina ko Kano yana ta karatu. Da aka koma, jarrabawa ɗaya aka ba su.

Abin mamaki shi ne, maganin wannan ba sabo ba ne, wani ɓangarensa ma a Nijeriya aka ƙago shi. Wahalar intanet da aka sha a Jami'ar Jos a ƙarshen shekarun 1990 ita ta sa wasu masana na Jami'ar Ayowa ta Amurka suka ƙirƙiro eGranary a 2001, watau rumbun da ake zuba miliyoyin takardu da littattafai a cikin faifan kwamfuta guda, a ajiye shi cikin makaranta, kowa ya karanta ba tare da layin waje ba. Jami'ar Kwanel ta Amurka ma a 1999 ta fara rarraba TEEAL, tarin mujallun aikin gona da ba ya bukatar intanet, abin da ya dace ƙwarai da yankin da masara da dawa da auduga da waken soya suka zama rayuwarsa. In layi na nan kuwa, akwai Hinari na Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2002, da AGORA na Hukumar Abinci da Aikin Gona tun 2003, waɗanda ke buɗe wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi dubban mujallu kyauta ko da rahusa, akwai kuma AJOL mai tara mujallun Afirka. Laburaren da ya san mutanensa zai yi amfani da ranakun da layi ke da kyau ya sauko da abin da doka ta yarda a sauko da shi, ya ajiye a rumbunsa, ya kuma ba kowane ɗalibi damar cika wayarsa ko ɗan katin ajiyarsa da karatun zango mai zuwa kafin ya hau mota. Wannan ba wani abu ba ne illa kwafin almajiran 'Yandoto da akwatunan Kaduna, da kayan zamani.

Haka batun aron littafi na takarda. Me zai hana a ware wasu kwafi na manyan littattafan kowane fanni domin aron dogon hutu, a fifita waɗanda gidajensu ke nesa da kowane laburare? Za a ce wasu za su ɓace. Lalle wasu za su ɓace, sai a sa wannan asara a cikin kasafi tun farko, kamar yadda manomi ke sanin ba duk irin da ya shuka zai tsiro ba. Asarar littafin da ya shekara goma a kanta ba wanda ya buɗe shi ta fi wannan girma, sai dai ita ba ta fitowa a rahoton mai binciken kuɗi.

Sai batun lokaci da wuta. Jami'ar Dutsin-Ma tana da mazauni a cikin gari da kuma babban mazauni a kan hanyar da ta nufi Ƙanƙara, jami'o'i da yawa kuma haka suke, ɗalibai na kwana a wani wuri, karatu na wani wuri. A inda tafiyar dare ke da hatsari, sanarwar cewa laburare na buɗe har ƙarfe goma ba ta amfani ɗalibar da dole ta shiga gida kafin magariba ba. Ita abin da zai amfane ta shi ne a buɗe da sassafe, a buɗe ranar Asabar da Lahadi, a kuma samar da ƙaramin ɗakin karatu mai fitilar sola a cikin ɗakunan kwanan mata ko kusa da unguwar da ɗalibai suka fi yawa. Jami'ar Bayero ta sami babbar tashar wutar hasken rana a 2019, amma ba sai an jira irin wannan ba. Fitila da fanka da wurin cajin waya na zaure ɗaya ba su fi ƙarfin kowace jami'a ba. Ma'aikatan gwamnati da malaman firamare masu karatun wucin gadi, waɗanda ke tasowa daga Sabuwa ko Faskari ran Juma'a su koma ran Lahadi, su ma ɗalibai ne, sun biya kuɗin laburare kamar kowa, amma sau da yawa sukan iso ƙofa na rufe.

Akwai wani abu kuma da ba a cika faɗa ba saboda kunya. Yaron da ya yi sakandarensa tsakanin rufewa da buɗewa, wataƙila a makarantar da aka kwashe aka haɗa da wata, yakan zo jami'a bai taɓa shiga laburare ba. Bai san abin da lambar da ke bayan littafi ke nufi ba, bai san ana duba fihirisa a ƙarshen littafi ba, bai san bambancin mujallar ilmi da abin da wani ya rubuta a Facebook ba. Ba zai tambaya ba, domin kada a ce baƙauye ne. Zagayen yini ɗaya da ake yi wa sababbin ɗalibai, ɗaruruwa a lokaci guda, ba ya warkar da wannan. Abin da ke warkarwa shi ne ƙananan rukuni, a sa kowa ya nemo littafi da hannunsa, a kuma sami ma'aikaci a bakin ƙofa wanda zai iya yin bayani da Hausa in bukata ta kama, ba tare da ya ɗaure fuska ba. Shimfiɗar fuska ta fi shimfiɗar tabarma. A nan maganar Sharr ta 1963 ta dawo: horar da ma'aikaci, da biyansa haƙƙinsa, da ba shi matsayin da zai zauna da malamai a tsara abin da za a saya, ya fi kowace na'ura tasiri.

Ta yaya za a san ko shiri na aiki? Lissafin da aka saba bayarwa shi ne yawan littattafai da yawan waɗanda suka shiga ƙofa. Na farko yana nuna abin da aka kashe, na biyu kuwa a lokacin zafi yana iya nuna yawan masu neman inuwa. Akwai lissafin da ya fi su faɗin gaskiya, kuma bai bukatar kome sai littafin rubutu da biro. A ajiye rajista a kan tebur, duk wanda ya nemi abu bai samu ba a rubuta abin da ya nema da dalilin rashin samu: ba a saya ba ne, ko wani ya ara, ko an ajiye ba a wurinsa ba, ko wuta ce babu. A ɗauki jerin littattafan da malamai suka umarci a karanta a kowane zango a duba kashi nawa ke kanta. A rubuta awa nawa aka yi da wuta cikin awowin da aka yi a buɗe. A lissafa kwana nawa sabon littafi ke yi daga ranar da ya iso zuwa ranar da ya hau kanta. A kuma duba rajistar aro a ga daga waɗanne ƙananan hukumomi masu aron suka fito, domin a san ko akwai waɗanda laburare bai taɓa gani ba. Irin wannan lissafi ba shi da daɗin karantawa a gaban majalisar jami'a, shi ya sa ya kamata majalisar ce da kanta za ta nemi a kawo mata shi kowane zango.

Saura abu ɗaya wanda ba dala ke sayensa ba, ba kuma wani laburare a Ingila ko Amurka da zai yi wa ƙasar nan shi. Duk abin da aka rubuta a kan farar ƙasar Ƙanƙara, da kasuwar dabbobi ta Sheme, da noman Sabuwa, da dazuzzukan da suka haɗa Faskari da Birnin Gwari, yana warwatse cikin kundayen digiri da rahotannin ma'aikatu. Ɗalibi yakan sha wuya ya yi bincike a garinsu, a ɗaure kundin, a jibge a wani ɗaki, bayan shekara biyar wani ɗalibin ya sake yin aikin daga farko domin bai san an yi ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta zuba kundayenta a rumbun intanet mai suna Kubanni, inda kowa ke iya dubawa. Jami'o'in Jihar Katsina in suka haɗa jerin kundayensu wuri ɗaya, suka yarda ɗalibin wannan ya shiga laburaren waccan da katinsa, sun ninka abin da kowace ke da shi ba tare da sayen ko littafi ɗaya ba.

A nan ma'aikatan gwamnati ke da hannu kai tsaye. Kasafin kuɗin ƙaramar hukuma, da rahoton malamin gona, da lissafin ɗaliban firamare, da taswirar burtali da makiyaya, da bayanan zaman sulhu, duk takardun aiki ne a yau, amma nan da shekara talatin su ne za a nema in ana son sanin abin da ya faru da wannan yanki. Umarni ɗaya daga ofishin Sakataren Gwamnatin Jiha ya isa ya sa kowace ma'aikata da kowace ƙaramar hukuma ta riƙa aika kwafi biyu na duk abin da ta buga zuwa laburaren jami'ar jiha.

Mafi gaggawa duka su ne rubuce-rubucen hannu. Ƙauyuka da dama a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara sun tashi a shekarun nan, mutane sun koma Funtuwa da Malumfashi da Katsina da Zariya da abin da suka iya ɗauka. Cikinsu akwai gidajen malamai masu gafakar da aka gada kaka da kakanni, da Larabci da ajami: fiƙihu, da wa'azi, da magani, da wasiƙun sarakuna, da takardun gado da na gona. Wasu an baro su a ɗakunan da damina ke ci, wasu suna cikin buhu a gidan haya. Jami'ar Ahmadu Bello ta fara tattara irin waɗannan tun shekarun 1960 ta hanyar shirinta na binciken tarihin Arewa, Gidan Arewa da ke Kaduna ya ci gaba da aikin tun kafa shi a 1970, saboda haka hanyar yi sananniya ce. Ba sai an raba malami da littafinsa ba, galibi ma ba zai yarda ba, kuma yana da gaskiya. Ma'aikaci biyu, ɗaya mai karanta ajami, da kyamara mai kyau, da izinin mai littafi a rubuce, sun isa a ɗauki hoton kowane shafi a gaban idonsa, a rubuta sunan littafin da garin da ya fito, a mayar masa da kayansa tare da kwafinsa. Kwafi ɗaya ya zauna a Katsina, ɗaya a Dutsin-Ma, ɗaya a Zariya. Ɗaliban da suka fito daga waɗannan garuruwa su suka san gidan da za a yi sallama da wanda za a fara gaisarwa, saboda haka da su ya kamata a tsara tafiyar, a kuma fara da iyalan da suka riga suka yi hijira, tun da su an san inda suke.